Bencin Baya

Shekara ashirin da biyu Malamar aji biyar ta yi tana koyarwa, kuma ba ta taɓa barin yaro ya zauna inda ya ga dama ba. Tsarinta ɗaya ne, kowa ya san shi. Duk ƙarshen wata sai ta yi gwaji. Wanda ya fi kowa maki ya zauna a bencin gaba kusa da teburinta, na biyu ya bi masa, haka har a kai bangon baya, inda ake jingine tsintsiya da bokiti da waɗanda lissafi ya gagara. Tana ji da wannan tsari kamar ita ta ƙirƙiro karatu. In an kawo sabon malami sai ta ja shi bakin taga ta ce, "Leƙa ajina. Ko ba ka buɗe rajista ba ka san mai karatu, ka san mai ɗumama benci."

Abu na biyu da aka san ta da shi, ba ta son ganin iyaye a ƙofar aji. A ganinta uwa ba ta zuwa da safe sai da uzuri a baki, uba kuma ba ya zuwa sai da faɗa.

Akwai wata yarinya a ajin, 'yar shekara goma sha ɗaya, autar gidansu ce, don haka kowa Auta yake ce mata. Tun farkon shekara bencin gaba ya zama nata, har ya san ta. Ga kai, ga baki. Kafin Malama ta rufe baki da tambaya hannunta yana sama. Ana cikin haka sanƙarau ya kama ta. Tsakanin asibiti da jinyar gida sai da ta yi wata biyu da rabi ba ta taka makaranta ba.

Ranar da ta dawo Litinin ce, kuma ranar sauya wurin zama ce. Aji ya kacame, yara suna jan jakunkuna, wannan na murna wancan na ƙunƙuni. Malama tana tsaye da takardar maki sai ta ga mace a ƙofa, riƙe da hannun Auta. Yarinyar ta rame, wuyanta ya yi tsawo.

"Malama, ina kwana. Ni ce mamanta. Akwai maganar da nake so..."

"Sannu, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Kin ga yanzu ba lokaci."

"Ai ba doguwa ba ce. Likita ne ya ce lallai in ba ki wannan hannu da hannu."

Malama ta karɓi ambulan ɗin ba tare da ta dube shi ba. Irinsa nawa ta gani? Takardar shaidar rashin lafiya ce, ta san abin da ke ciki tun kafin a rubuta. "Zan duba," ta ce, ta jefa shi a durowa ta tura da gwiwa. Uwar ta ɗan tsaya kamar da sauran magana, ta ga ba fuska, ta juya.

Auta ba ta yi gwajin watan ba, saboda haka ba ta da maki. Wanda ba shi da maki kuwa wurinsa sananne ne. Malama ta nuna mata bencin baya, ta ce, "Kar ki damu, wata mai zuwa za ki dawo gaba." Ta faɗa ne tana kallon takardar hannunta.

Wata mai zuwa ya zo, Auta ba ta dawo gaba ba. Ta ci bakwai cikin ashirin. Yarinyar da ake roƙo ta yi shiru ta koma ba ta cewa uffan. A kira ta, ta yi zuru. A ce a buɗe shafi na talatin, sai ta leƙa littafin na kusa da ita. Malama ta yanke hukunci a ranta cewa jinya ce ta ɓata ta: an lallaɓa ta a gida, an saba mata da kwanciya, yanzu karatu ya zame mata aiki. Kuma da yake ta fi son yarinyar a kan sauran, haushin sai ya fi yawa.

Wata Alhamis Malama tana rubutu a allo tana yi musu shifta. Ta kira Auta ba tare da ta juyo ba. Shiru. Ta sake kira. Da ta juyo a karo na uku sai ta gan ta ta karkata kan littafin maƙwabciyarta tana kwafa. Malama ta ajiye alli, ta taka har baya, ta kama kunnenta na hagu ta murɗe, ta ɗaga ta tsaye da shi.

"Kunnen ƙashi gare ki yanzu? Ina magana kina satar amsa?"

Aji ya kwashe da dariya. Auta ba ta yi kuka ba. Ta dafe kunnen da tafin hannu, tana kallon bakin Malama kawai.

Washegari ba ta zo ba. Mako ya zagayo, ba ta zo ba. Malama ta ce fushi ne, zai huce.

Ranar Juma'a ta biyu hedimasta ya aiko a kawo masa takardun duk yaran da suka daɗe ba su zo ba a zangon, zai sa a fayil. Bayan an tashi Malama ta jawo durowa. Akwai guntayen alli, da jan biro da ya bushe, da ƙaramin madubi da ƙwallon roba da ta ƙwace a hannun yara. Ambulan ɗin yana can ƙasa, ko buɗe shi ba a yi ba. Ta farke shi don kawai ta ga kwanan wata.

Ba takardar uzuri ba ce. Layi biyar ne da rubutun likita. Ciwon ya kashe kunnen dama gaba ɗaya. Na hagu yana ji kaɗan. A zaunar da ita a gaba, mai magana ya riƙa fuskantarta don ta ga bakinsa. A kiyaye kada wani abu ya bugi kunnen hagu, shi ne ya rage mata.

Malama ta karanta sau biyu a tsaye, na uku a zaune. Ta dubi hannunta na dama, babban yatsa da manuni, kamar na wani ne aka ba ta aro. Mako bakwai takardar nan tana kwance a ƙarƙashin gwiwar hannunta. Kullum a kanta take dafawa ta yi kiran suna.

Ta tashi ta je ta zauna a bencin baya, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara ashirin da biyu. Taga tana hagu, kuma a bayan tagar titi ne, da shagon mai walda da injinsa da ba ya hutawa. Ita mai kunne biyu lafiyayyu, da za a tsaya a allo a yi magana, da ƙyar za ta tsinci rabi. Ta zauna nan har mai shara ta shigo ta tambaye ta ko lafiya. Kunya ce ta kama ta, irin wadda ba ta da wurin ɓuya, don ba wanda ya gan ta balle ta ɓoye masa.

Ranar Asabar da la'asar ta nemi adireshin a rajista ta tafi. Gidan yana saman wani shagon sayar da fenti, ana hawa ta wata siririyar matattakala mai warin kananzir. A hanya ta shirya magana kala uku, kuma duk ukun akwai ƙarya a ciki. Za ta iya cewa takardar ta shige cikin wasu takardu. Za ta iya cewa ta miƙa ofis, ofis ne bai sanar da ita ba.

Uwar ce ta buɗe, da tef ɗin awo a wuya. Tela ce, kekenta yana bakin taga, ƙyallaye sun cika ƙasa. Ta gaishe da Malama gaisuwa cikakkiya, ta kawar da wani yadi daga kujera, ta kawo ruwa a kofi. Ladabin nan ya fi zagi ciwo.

"Maman Auta, na zo ne a kan abin da ya faru."

"Ba komai, Malama. Ya wuce."

"Ya kunnen?"

"Ya yi kwana uku yana mata zogi. Mun koma asibiti, likita ya ce Allah ya tsare, bai taɓu ba." Ta zauna a kan kujerar kekenta. "Babanta ya ce ta bar makarantar. Za ta zauna nan in koya mata ɗinki."

Malama ta juya kofin a hannunta. Uwar ta ci gaba, muryarta ba hawa ba sauka.

"Abin da ban gane ba ɗaya ne. Kin karanta takarda, kin san halin da take ciki. Ko da ba za ki sa ta gaba ba, me ya kai hannunki kunnen? Mako shida yarinyar nan ba ta gaya mana tana baya ba. Sai ranar da ta dawo da kunne a kumbure. Na ce don me ba ki faɗa ba? Ta ce ai Malama ta sani. Ta ce tunda Malama ta karanta ta kai ta baya, to can ne wurin irinsu."

Nan duk maganganun da Malama ta shirya suka watse. Ashe yarinyar ba ta ɗauka mantuwa ba ce. Ta ɗauka hukunci ne, daga mutumin da ta fi yarda da shi, kuma ta karɓa.

"Ban karanta ba," ta ce.

Uwar ta ɗago.

"Ba ɓata ta yi ba, ba kuma wani ne ya riƙe ba. A durowata take tun ranar da kika ba ni. Jiya na buɗe ta. Kin ce min likita ya ce hannu da hannu, na ji ki sarai, na jefa ta ciki don na ɗauka na san abin da ke ciki. Kin so ki yi min bayani na hana ki."

Uwar ta zare tef ɗin awon daga wuyanta. "Wallahi ban san wanne ya fi ba," ta ce. "Ki sani ki yi, ko ki ƙi sani."

"Ni ma ban sani ba."

Labulen ɗakin ciki ya motsa. Auta ce, tana leƙe. Malama ta miƙe da sauri, ta ɗaga murya kamar mai kiran wani a tsallaken titi: "Auta, ya jiki?" Yarinyar ta yamutsa fuska ta saki labulen.

"Ba haka ake yi ba," in ji uwar. "Ihu yana cakuɗa mata maganar. Mu ma sai da muka koya."

"To ki koya min."

Ba ta shirya faɗin haka ba, fitowa kawai ta yi. Uwar ta yi wani ɗan murmushi wanda ba na daɗi ba. "Ni? Ni da ko aji shida ban gama ba?"

"Ke kika san ta. Ni na ɗauka na sani."

Ba a ce mata to ba, ba a kuma ce mata a'a ba. Da za ta tafi dai uwar ta ce ranar Talata da yamma aiki yana sauƙi.

Haka Malamar da ba ta son iyaye a ƙofarta ta koma hawa matattakalar mutane sau biyu a mako. Kuma Maman Auta ba ta raga mata ba ko kaɗan. Da ta samu aji, da ta fi Malama zafi. "Ki tsaya ta hagunta. Ki matso wajen taga, haske ya faɗa a fuskarki. Sauke hannunki daga baki. Kin ga, kin sake juyawa kina magana." Wannan ta ƙarshen ita ta fi ba Malama wuya. Shekara ashirin da biyu tana magana da allo yara suna sauraren ƙeyarta, yanzu a ce ta daina cikin mako biyu. In ta manta, uwar sai ta buga almakashi a kan teburin keke, Malama ta juyo kamar yarinyar da aka kama tana gyangyaɗi.

Auta kuwa ta fara zama a tabarma da littafinta, amma nesa, kuma ko yaushe kunnen hagu yana ɓangaren bango. Lissafin da aka yi ba ta nan ta kama shi cikin 'yan kwanaki, kan nan yana nan yadda yake. Abin da bai dawo ba shi ne bakin. In ba ta ji abu ba, ba za ta ce ba ta ji ba. Sai ta gyaɗa kai, ta rubuta abin da ta zata. Duk lokacin da ta gyaɗa kan nan, Malama sai ta tuna a ajin wa aka koyi wannan.

"Ko mu ba ta ce mana mu maimaita," uwar ta gaya mata wata rana a bakin matattakala. "Likita ya ce kunnen ba zai dawo ba. Amma ya ce in ta koyi cewa a sake faɗa, za ta yi karatunta har inda take so. In ba ta koya ba, ko na'ura aka sa mata a banza."

A mako na uku Malama ta tarar da uban. Direban babbar mota ne, ba ya kwana gida sai jefi-jefi. Bai zauna ba, bai kuma ɗaga murya ba.

"Malama, na ji kina zuwa, na gode. Amma ni na ɗauki yarinyar nan a kafaɗa na kai ta asibiti jikinta a sandare. Na yi kwana goma sha ɗaya ina jiran a ce min ta tafi. Kunne ɗaya Allah ya bar min, na kai miki, kika murɗe. Yanzu in sake kai miki?"

"Ba ni da bakin cewa ka yarda da ni."

"To."

Uwar ce ta sa baki, tana zare zare daga allura ba ta dubi kowa ba. "Babansu, ka ga ni ban hana Malama zuwa ba. Ni na ga abin da na gani a mako ukun nan. Matar nan da ta so yi min ƙarya da ta yi, kuma da na yarda." Sai ta juyo wajen Malama. "Amma akwai sharaɗi. Yaran ajin nan har layinmu suke biyowa suna kiranta kunnen ƙashi. Daga bakinki suka ɗauka. A gabansu kika faɗa, a gabansu za ki janye. Kuma ina wurin."

Uban ya dubi matarsa, ya dubi labulen ɗaki. "Kwana ɗaya," ya ce. "In ta dawo ta ce ba ta so, magana ta ƙare."

Ranar Litinin Malama ta riga mai gadi zuwa. Da Auta ta iso tare da uwarta, sai ta sa ta a bencin gaba ta ɓangaren da kunnen hagu zai fuskanci allo, ta ɗauko kujerarta ta kanta ta ajiye wa uwar a gefe. Yara arba'in da ɗaya suka yi tsit, don ba su taɓa ganin uwar wani a cikin ajin nan ba. Daga baya wani ya yi raɗa, wasu suka ƙunshe dariya. Auta ba ta ji raɗar ba, amma ta ga kafaɗun na kusa da ita suna rawa. Ta sunkuyar da kai.

Malama ta tsaya a gaba. Ta yi wa hedimasta gardama, ta yi wa masu duba makarantu gardama, amma ba ta taɓa ba yaro haƙuri ba, balle a gaban yara. Ta fara da bayanin ciwon, da abin da ya yi wa kunnen Auta, wannan ya zo da sauƙi don darasi ne. Da ta iso kan nata laifin sai idanun yaran nan arba'in da ɗaya suka yi mata yawa. Ba ta san lokacin da hannunta ya ɗauki abin goge allo ba. Ta juya tana goge allon da ba komai a kansa, tana magana da sauri.

Ta ce an ba ta takarda ba ta karanta ba. Ta ce Auta ba ta taɓa satar amsa ba, shafi take nema. Ta ce sunan da ta kira ta da shi ƙarya ne, kuma ita ce mai laifi, tana roƙon Auta ta yafe mata. Ta kai ƙarshe, ta sauke numfashi. Ajin ya yi shiru, har ana jin injin mai walda. Ta ji sauƙi ya sauko mata, a ganinta ta gama, ta sauke nauyi.

Sai ta juyo. Uwar tana zaune ta haɗe hannu a cinya, ba ta dubi Malama ba. 'Yarta take kallo. A nan Malama ta gane abin da ta yi. Kowa a ɗakin ya ji ban haƙurin, ban da wadda aka yi domin ta.

Auta tana kallon bakinta. Kanta ya fara sunkuyawa zai gyaɗa, yadda ya saba. Sai ya tsaya. A hankali hannunta ya tashi, bai kai sama ba, iyakarsa kafaɗa.

"Malama," ta ce, muryar ta fi yadda take zato ƙarfi, har na baya suka ji. "Ban ji ba. Ki sake faɗa."

Uwar ta kai bakin mayafinta ga ido.

Malama ta ajiye abin goge allon. Ta matso wajen da haske yake, ta durƙusa har fuskarta ta yi daidai da ta yarinyar, ta ɓangaren hagu. Ta sauke hannayenta daga fuska, ta fara tun daga farko, a hankali.